Yadda Ake Zaɓen Ma'aunin Kusurwa Mai Sauƙin Kuɗi Don Injin Yanka Katako

Duk kafintan da ya taɓa haɗa firam ɗin madubi ya iske kusurwa uku sun zauna daram, ta huɗun kuwa ta wangale baki, ya san irin wannan takaici. Akan ɗora laifin a kan faifan zarto ko a kan yaron da ya riƙe katakon, alhali sau da yawa matsalar tana ga ma'aunin kusurwa, wato ƙarfen nan mai doguwar sanda da kai kamar rabin faranti, wanda yake zamewa cikin kwarmin da ke kan teburin injin yana tura katako zuwa bakin zarto. Wanda yake zuwa tare da ƙananan injuna galibi sako-sako ne, kuma kuskurensa ba ya tsayawa a yanka ɗaya. Firam mai gefe huɗu yanka takwas yake ci, saboda haka idan kowane yanka ya kauce da rabin digiri, kuskuren da zai taru a kusurwar ƙarshe digiri 4 ne, wanda gam da garin katako ba za su iya rufe shi ba.

Kafin ka tambayi farashi, ka fara auna kwarmin teburinka, domin a nan ne yawancin masu saye suke asarar kuɗinsu. Kwarmin da aka fi sani faɗinsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, zurfinsa kuma kashi uku cikin takwas, wato kimanin milimita 19 da milimita 9.5, kuma kusan duk ma'aunin da ake sayarwa daban don wannan girman aka ƙera shi. Amma akwai ƙananan injuna masu kwarmi mai faɗin kashi biyar cikin takwas na inci, akwai kuma masu ƙananan haƙora a bakin kwarmin waɗanda suke hana sandar da ba tasu ba shiga. Tef ɗin awo ba zai wadatar a nan ba; ka ari abin awon kauri irin na makanikai, ka auna gaba da tsakiya da baya, domin tsohon tebur yakan ci a wani wuri fiye da wani. Ka kuma leƙa ko ƙasan kwarmin ya fi bakinsa faɗi, domin irin wannan ne yake karɓar ɗan washan da ke ƙarshen sanda, wanda yake hana ma'aunin ɗagawa idan ka ja shi baya don yanka faffaɗan katako.

A nan Zariya injuna da yawa da ake gani a wajen 'yan katako ƙirar masu walda ne, kuma tebur ɗinsu ba shi da kwarmi ko kaɗan. Mai irin wannan injin bai da abin da zai yi da ma'aunin kanti sai an fara yi masa kwarmi madaidaici wanda yake tafiya daidai da faifan zarto.

Abin da ya kamata kuɗinka ya saya shi ne zaman sanda a cikin kwarmi. Ka sa ta a ciki, ka riƙe kan ma'aunin ka girgiza shi hagu da dama. Idan ka ji tana ƙwanƙwasa bangon kwarmin, to duk lambobin da aka zana a kanta ado ne kawai. Sanda mai kyau tana da hanyar da ake ɗaure ta. Kamfanin Incra na Amurka yana sa wa sandunansa ƙananan faifai na roba waɗanda suke buɗewa idan an juya sukuru, Kreg kuma yana sa sukurorin roba a gefen sanda, duka dai don a cike ratar har sandar ta riƙa tafiya sumul ba tare da rawa ba. Akwai na Sin masu arha da suke bin irin wannan tsari, kuma ban ga laifinsu ba muddin ƙarfen miƙaƙƙe ne, wanda za ka gane idan ka kwantar da sandar a kan gilashi ka duba ko haske yana ratsa ƙarƙashinta.

Bayan sanda sai wuraren da kan yake tsayawa. Samfurin Incra V27 yana da matsayai 27, na V120 kuma 120, ɗaya a kowane digiri. A ganina mai aikin kujeru da ƙofofi da firam bai buƙaci na biyun ba, domin aikinsa na yau da kullum bai wuce yankan miƙe na digiri 90 da na 45 ba, sai 30 don abu mai gefe shida da 22.5 don mai gefe takwas. Abin lura shi ne kan ya faɗa cikin matsayinsa ya kulle tamau, ya kuma kasance yana da sukurorin da ake kwancewa a daidaita shi da faifan zarto. Haka nan ka duba ko fuskarsa tana da ramukan sukuru, domin da su za ka ɗaura miƙaƙƙen katako busasshe ka manna masa samfefa don kada aiki ya zame, ka huta da sayen doguwar jingina ta alminiyom wadda ita ce take ninka farashi.

Ko a Sabon Gari ka samu, ko ka aika Kano ko Legas, ko ka yi oda ta intanet, ka nemi alkawarin mayarwa idan bai shiga ba. Na hannu ma yana da kyau idan tsatsa ba ta ci sandar ba kuma haƙoran kan ba su lanƙwashe ba.

Idan ya iso, ka cire wutar injin, ka tabbatar faifan zarto yana tafiya daidai da kwarmi ta hanyar auna tazarar haƙori guda daga kwarmin a gaba, sannan ka juya shi baya ka sake aunawa. Daga nan ka sa ma'aunin a yankan miƙe na digiri 90, ka yanka katako mai gefuna madaidaita gida biyu, ka kifa ɓari ɗaya, ka haɗa bakunan a kan tebur. Duk ratar da ta bayyana ninki biyu ce ta kuskuren ma'aunin, sai ka gyara ka sake gwadawa har ta ɓace. Ka kuma gargaɗi yaran shago cewa ba a jingina ƙarshen katako da shingen tsaga, wato dogon shingen da ke gefen faifan zarto wanda ake bi wajen tsaga katako a tsawonsa, a lokacin da ake tura shi da ma'aunin kusurwa, domin guntun da aka yanke yakan maƙale tsakanin shingen da faifan, injin ya harbo shi da ƙarfi zuwa ƙirjin mai aiki.