Kafin ka buɗe SPSS, ɗauko biro da takarda

Ɗaliban sashen nazarin halayyar ɗan Adam da ke zuwa wurina idan furojet ya matso, kusan tambaya ɗaya suke yi game da SPSS, manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma: "Malam, ina zan danna?" Amsata ita ce a rufe kwamfuta tukuna. Wanda bai taɓa lissafa lamba biyar da hannunsa ba, ko na'ura ta fito masa da shirme ba zai gane ba.

Ga inda za ka fara. A ce ka tambayi abokai biyar awa nawa suka yi barci a daren jarrabawa, suka ce 4, 5, 6, 7 da 8. Jimla 30, ka raba gida biyar, 6. Matsakaici ke nan. Sai ka cire 6 daga kowace lamba: -2, -1, 0, 1, 2. Ninka kowace da kanta, ka sami 4, 1, 0, 1, 4, jimla 10. Raba da 4, wato yawan mutanen ban da ɗaya, domin samfuri ne a hannunka ba dukan ɗalibai ba. Ka sami 2.5, tushensa kuwa kusan 1.58. Wannan shi ne standad dibiyeshan ɗin da ke firgita mutane, kuma abin da yake faɗa kawai shi ne yadda amsoshin suka warwatsu daga tsakiya.

Yanzu mayar da 8 ɗin nan 18, ka ɗauka wani ne zazzaɓi ya kwantar. Matsakaici ya koma 8, alhali mutum huɗu cikin biyar ba su kai 8 ba. Lambar da ke tsakiyar jerin kuwa tana nan a 6. Shi ya sa nake tilasta wa kowa ya zana bayanansa ya kalle su kafin ya yi wani gwaji.

Dabarun bincike sun fi lissafin muhimmanci, kodayake ɗalibai sun fi raina su. Idan ka raba takardar tambayoyi ka ga masu yawan barci sun fi cin jarrabawa, dangantaka ka gano, ba dalili ba. Wataƙila marasa barcin su ne masu tuƙa keke napep da dare don biyan kuɗin makaranta, ka ga rashin lokacin karatu ne ya ja su ƙasa. In kana son ka ce wannan ne ya haifar da wancan, sai gwaji: ka raba mutane rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, ba da zaɓinka ba, ka canza abu ɗaya tak. Kuma ka rubuta hasashenka kafin ka tattara ko amsa ɗaya. Ka sanar da mutane abin da za su shiga, su amince, kada ka rubuta sunayensu.

Sai batun p, lambar da gwajin ƙididdiga ke fitarwa, inda aka fi taɓargaza. Masanin ƙididdiga Ronald Fisher ne ya yaɗa iyakar 0.05 a littafinsa na 1925, a matsayin ma'auni mai sauƙin amfani: idan p ya sauka ƙasa da ita, sai a ce sakamakon ya tsallake. Ma'anar p ita ce: da a ce babu wani bambanci a zahiri, sau nawa za a ga sakamako irin naka ko wanda ya fi shi? Ba ya nufin hasashenka gaskiya ne kashi 95 cikin 100, ba ya kuma nuna girman bambancin. Da mutum dubu goma, ɗan bambancin da ba zai amfani kowa ba ma zai iya sauka ƙasa da 0.05. A 2015 wata tawagar masu bincike ta sake gudanar da nazari 100 da aka buga a manyan mujallun wannan fanni. Kashi 97 na asalin nazarin sun tsallake iyakar, amma a maimaicin kashi 36 ne kawai suka tsallake. Don haka in naka bai tsallake ba, rubuta shi yadda ya fito. Kada ka yi ta sauya gwaji har p ya sauko, duk da na san wasu masu duba furojet na ɓata rai idan suka ga 0.21.

Bayan haka ka buɗe kwamfutar. SPSS na kuɗi ne, manhajojin jamovi da JASP kyauta ne, kuma sun ishe ka gwajin t (kwatanta rukuni biyu), korileshan (auna dangantaka) da ANOVA (kwatanta rukunai da yawa). Shigar da lambobin barcin nan biyar na farko, ka duba ko za ta ba ka 6 da 1.58. In ta ba ka wani abu daban, koma ka duba yadda ka shigar da su, sannan ka matsa zuwa bayanan furojet ɗinka.