Kurakuran da aka fi yi wajen zane marar kamanni da aka ɗauko daga yanayi

Zanen da ba ya fitar da siffar abu sak ya dace da masu gudun zana abu mai rai, amma da yawa sun ɗauka watsa fenti ne kawai a kan kanbas, wato yadin da ake zane a kai. Wanda bai ƙare wa abu kallo ba, ba shi da abin da zai rage daga cikinsa. Idan bishiyar kuka ce ta ja hankalinka, yi ƙananan zane 5 ko 6 da gawayi, kowanne kamar tafin hannu. A kowanne ka cire wani abu, har sai kaurin gindi da karkacewar rassa kaɗai suka rage. Zanen ƙarshen za ka kai kan kanbas.

Sai yawan launi. Ana matso kala goma, a cakuɗa, a ƙare da ruwan taɓo. Dalili shi ne launuka masu adawa, kamar ja da kore, ko shuɗi da ruwan lemo, suna kashe juna idan sun haɗu suna ɗanye. Tsaya daga Goron Dutse ka dubi Dala da hantsin hunturu: jar ƙasa ce, da toka-tokar hazo, da ɗan koren darbejiya. Launi 3 da fari sun isa. Haka shunin rinin Ƙofar Mata, launi ɗaya ne amma yana hawa daga mai haske zuwa wanda ya kusa baƙi, kuma wannan hawa da saukar ita ke riƙe zane. Ɗauki hoton aikinka da waya ka mayar da shi baƙi da fari. In komai ya zama toka iri ɗaya, ƙara duhu a gefe guda. Ka tuna akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa, yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe.

Kada a fara fenti a kan ɗanyen yadi. Shafa jeso, wato farin shafin share fage, sau 2 ko 3, ana gogewa da samfefa mai laushi tsakani. Wannan ya fi zama dole ga fentin mai, domin man yana cin zaren yadi a hankali.

Iskar hunturun Kano kan busar da akirilik cikin 'yan mintoci. Masu gaggawa sai su yi ta tsiyaya ruwa har ya fi fentin yawa, launin ya koɗe, ya ƙi kama kanbas. Gara ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a faranti, ka ɗora takardar gashin burodi, ka matsa fentin a kai, kana fesa ruwa kaɗan-kaɗan. Fentin mai kuwa ƙura ce matsalarsa. Jingina zanen yana fuskantar bango ba tare da ya taɓa ba. A fara da siririn shafi, mai kauri ya biyo baya, in ba haka ba saman zai tsattsage. Kada a shafa masa banish, wato shafin ƙarshe mai kare zane, sai ya yi aƙalla wata 6.