Darasi na 7: Labari Ya Riga Kaya Isa Kasuwa

Tumatirin da ake kasawa a bakin titi a cikin birnin Kano ya bi hannu da yawa: manomin rani a Kadawa ko Kura, masu tsinka, direba, 'yan dako, dillali a kasuwar Yankaba, sannan mai sari. Tumatir ba ya jiran kowa, don haka duk wanda ya yi shiru da abin da ya sani, asarar takan faɗa kan na gaba da shi.

Kafin a tsinka, manomi ya kira dillalinsa tun jiya da yamma. Ya faɗa masa kwando nawa yake sa ran samu, babban kwando ne ko ƙarami, kuma tumatirin ya nuna sarai ko da sauran ƙarfinsa. Na ƙarshen nan ya fi muhimmanci. Wanda ya nuna sarai na cikin gari ne, a sayar a ranar. Mai sauran ƙarfi shi ake lodawa zuwa Kudu, domin zai kwana a hanya. Shi kuma dillali ya faɗi gaskiyar kasuwa: mota nawa ta shigo yau, nawa aka sayar da kwando, akwai kwantai ko babu. Idan kasuwa ta cika, gara a bar shi a gona kwana ɗaya da a tsinka a zo a karyar. Wasu dillalan kan ɓoye wannan don kada kamasho ya wuce su, amma manomin da aka yi wa haka ba ya dawowa.

Wajen lodi, a rubuta takarda biyu iri ɗaya, ɗaya ga direba, ɗaya ga mai kaya. A sa kwanan wata, adadin kwanduna, lambar mota, kuɗin mota da abin da aka bayar kafin alƙalami. A yi wa kowane kwando alamar mai shi da fenti, saboda mota ɗaya kan ɗauki kayan mutum biyar ko shida, kuma wajen saukewa rigima take tashi. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna, ya aika saƙon murya ta WhatsApp, ya ambaci adadin sau biyu.

Idan mota ta lalace, direba ya kira nan take, ya faɗi inda yake. Kwandon ƙasa ne ke fara narkewa saboda nauyin na sama da zafin rana, kuma da wuri dillali zai iya turo wata motar.

Aiki: ka rubuta takardar lodi ta kwando 40, kuɗin mota naira 1,500 kowane kwando, an ba direba naira 20,000 kafin alƙalami. Nawa ne cikonsa?