Masu son barin giya a Bauchi, ga inda ake yawan kuskure wajen neman abokan tafiya

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya yi shekaru yana sha kullum, burukutu ne ko ogogoro ko 'yar ledar nan da ake sawa a aljihu, sai rana ɗaya ya rantse ya ce daga yau na bari, ya shige ɗaki ya kulle kansa. Niyyar kam tana da kyau wallahi, amma jikin da ya saba da giya ba ya sakinta haka kawai. Cikin 'yan awanni hannu zai fara rawa har ya kasa riƙe kofin shayi, gumi na keto masa, barci ya ƙi zuwa, wani ya faɗi yana jijjiga, bayan kwana 2 zuwa 3 kuma wani ya fara ihu wai ƙwari na bin jikinsa, sai 'yan gida su ce ai aljanu ne. Addu'a a yi ta, amma dan Allah a sa shi a keke a kai shi asibiti, don wannan halin yana kashe mutum. Asibitin koyarwa na ATBU yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, likita na da maganin da zai sauko da jikin a hankali. Babu ƙungiyar masu barin giya da za ta yi maka wannan aikin.

To kuma a can asibitin mutane ke sake yin sakaci, a karɓi magani a wuce gida ba a tambayi komai ba. Ka buɗe baki ka tambayi likitan ko nas ɗin, ko akwai wasu da suka bar sha suke haɗuwa, ko akwai wanda ya daɗe da bari da zai yarda a haɗa ku. Irin wannan zama ba a kafa masa allo a bakin titi a garin da shari'a ta hana giya, daga baki zuwa baki ake saninsa. NDLEA ma, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da ake jin sunan a firgita, suna da masu ba da shawara, ba kame kaɗai suke yi ba.

Wani kuma zai buga a waya, in bai ga adireshi ba sai ya ce shi ke nan babu, ya koma gidan jiya. Ɗan'uwa ita kanta AA ɗin da ake ji duk duniya, wato Alcoholics Anonymous, ƙungiyar mashayan da ke taimakon juna su bar giya, mutum biyu ne suka fara ta a 1935 a garin Akron na Amurka, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, dukkansu mashaya ne, suka gano in suna zama suna faɗa wa juna gaskiya sun fi iya riƙe kansu. Kenan in ka samu mutum ɗaya ko biyu da suka bari da gaske, ku sa rana, ko bayan isha'i a zauren ɗaya daga cikinku, ko wani ɗaki a coci ga 'yan'uwanmu Kirista, kun fara ke nan. Akwai kuma zaman AA ta Zoom ga mai jin Turanci kuma mai data, ba dole ka kunna kyamara ba.

Amma fa ba abokan majalisar shan za ka tara ba. Wai mu daina tare, a nan dai bencin da kuka saba, mai sayarwa na kallonku. Ba ya ɗorewa, ranar albashi kawai ake jira.

Iyaye, ku nawa ne, na san zafin da kuke ji, amma gidan mari ba ƙungiyar taimakon juna ba ne. A 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa a Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabon duka. Duk inda aka ce ku biya kuɗi mai yawa, ba za ku ga ɗanku ba sai bayan watanni, ko ana sayar da wani ruwa a jarka wai yana cire son giya cikin mako ɗaya, ku ja da baya. Zaman kirki ba shi da kuɗin shiga, ba a ɗaukan hoto, ba a zuba cikakken sunan mutum a guruf na WhatsApp, abin da aka faɗa a ɗakin a nan yake tsayawa, kuma kowa na samun damar magana, ba mutum ɗaya ya miƙe yana wa'azi awa guda ba. Mashayin nan ya san haramun ne tun yana yaro, abin da ya rasa shi ne wanda zai kira ƙarfe 11 na dare in abin ya taso masa. Mata kuma da ke sha a ɓoye, akwai su, su nemi zama na mata zalla ta hannun nas mace, ya fi musu sirri.

Sai maganar zamewa. Mutum ya yi wata uku lafiya, aka yi biki ko aka ɓata masa rai a gida, ya kurɓa, sai kunya ta hana shi komawa, ya kashe waya, ya riƙa canza hanya in ya hango abokan zaman. Waɗanda ke zaune a ɗakin nan da yawansu sun zame sun dawo, ba wanda zai yi mamaki. Ka kira ɗaya daga cikinsu washegari da safe ka faɗa masa yadda aka yi, in kuma shan ya ɗauki kwanaki har hannu ya fara rawa, ya raka ka wurin likita tukuna kafin ranar zama.