Yadda Ake Neman Izinin Sare Bishiya a Cikin Birni

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk bishiyar da ta tsiro a filinsu tasu ce, su sare ta duk ranar da suka ga dama, amma a birane masu yawa doka ta sa hukuma a tsakanin mai fili da gatarinsa. Saboda haka kafin a kira mai sara, a fara tabbatar da wanda yake da iko da bishiyar. Wadda take bakin titi galibi ta hukumar birni ce ko da mai gida ne ya dasa ta, wadda kuma gindinta ya hau kan iyaka sai an sami yardar maƙwabci, kuma ya fi kyau yardar ta kasance a rubuce.

Daga nan sai awo, domin yawancin dokokin da kaurin gindi suke aiki. A birnin Toronto na Kanada, bishiyar da faɗin gindinta ya kai santimita 30, idan an auna a tsayin mita 1.4 daga ƙasa, ba a sare ta sai da izini. A birnin Berlin na Jamus kuwa kewayen gindin ake dubawa, santimita 80 a tsayin mita 1.3. Nan ne ake yawan kuskure, domin faɗi daban, kewaye daban. A zagaya gindin da tef, a raba abin da aka samu da 3.14, shi ne faɗin. Kewayen santimita 94 ya yi daidai da faɗin santimita 30.

Wata bishiyar kuma an ba ta kariya ta musamman. A Ingila, dokar tsara garuruwa ta 1990 ta ba ƙananan hukumomi ikon kare bishiya guda ko rukunin bishiyoyi, ta yadda ko datse reshe sai an nemi izini, a unguwannin tarihi da aka keɓe kuwa dole a sanar da hukuma makonni shida kafin a fara aiki. Wanda ya saɓa yana fuskantar tara, kuma za a tilasta masa dasa wata a gurbinta.

A takardar neman izini a rubuta irin bishiyar, da awonta, da inda take a filin, a haɗa da hotuna. Dalili shi ne ƙashin bayan takardar. Cewa ganye yana cika tsakar gida ba ya gamsar da jami'i, amma rahoton ƙwararre da ya nuna ruɓewar gindi ko saiwar da ta tsaga harsashin gini yana da nauyi. Ko bishiyar ta bushe, kada a yi gaggawa, domin a Ingila, idan tana cikin waɗanda aka kare, sai an ba hukuma sanarwar kwanakin aiki biyar, in ba haɗarin ya matso ba. A duba lokacin shekara ma, don a Jamus an taƙaita sara daga 1 ga Maris zuwa 30 ga Satumba saboda tsuntsaye masu sheƙa.

A ganina, bishiyoyin da ake kashewa wajen gini sun fi ban takaici, domin ba wanda ya ɗaga musu gatari. Ana haƙa rami a datse saiwoyi, ana jibge yashi da bulo a gindi, manyan motoci su danne ƙasa har iska da ruwa su kasa shiga, sai bayan 'yan shekaru bishiyar ta bushe a tsaye. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a ninka faɗin gindi sau 12, a kafa shinge a wannan nisan. Bishiya mai faɗin santimita 50 tana bukatar mita shida ta kowane gefe, kuma shingen ya tsaya tun kafin motar farko ta shigo filin har ranar da aka kwashe kayan aiki.