Yadda ake fidda iska cikin birkin mota

Jama'a kun dame ni da tambaya kan birkin da ka taka shi ya tafi ƙasa lakaf kamar ka taka soso, musamman cikin zafin nan na Sakkwato. Yawanci iska ce ta shiga layin mai. Ku biyu za ku yi aikin.

1. Aje motar wuri mai daidai, ka sa dutse bayan taya.
2. Buɗe bonet ka duba murfin tankin man birki, DOT 3 ko DOT 4 anka rubuta, shi za ka saya.
3. Cika tankin har layin sama.
4. Ɗaga motar da jak, ka fara da tayar baya ta dama, ita ta fi nisa da masta, wato famfon da ke ƙarƙashin tankin mai tura man birki zuwa tayoyi.
5. Sa siririn tiyo kan ɗan kusan fidda iska da ke jikin birkin tayar, ɗayan bakin tiyon kuma ka sa shi cikin gora.
6. Abokinka ya taka birki sau 4, ya danne.
7. Kwance kusan kaɗan da sifana, mai zai fito da kumfa.
8. Ɗaure shi.

Don Allah a nan ake kuskure: kar ya ɗaga ƙafa sai ka ɗaure, in ba haka ba iskar komawa take.

9. Maimaita har kumfa ta ƙare.
10. Leƙa tankin ka ƙara mai, in ya ƙafe aikin ya koma farko.
11. Yi sauran tayoyin, ta gaban direba ce ta ƙarshe.

Man nan yana cin fenti, in ya zuba ka wanke da ruwa nan take. In ka gama birkin na nan na nutsewa a hankali, to yoyo ne ko masta ta mutu, kai ma bakanike kafin ka hau titi.