Matakan bi idan bot ɗinka ya daina amsa kwastoma

Na taɓa haɗa wa wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse bot na WhatsApp, wato manhajar da ke amsa saƙonnin kwastoma da kanta. Duk wanda ya rubuta "kuɗi" sai ya ji shiru, ciniki yana ta wucewa.

Da farko, maimaita matsalar da hannunka. Kwafi saƙon kwastoman harafi da harafi, sannan ka sake turawa da "kudi" babu lanƙwasa. A nan ɓarakar tamu take, domin kalmar da muka koya wa bot ɗin babu ɗ a cikinta. Koya wa bot ɗin rubutun iri biyu, haka ma kalmomi masu ƙ da ɓ.

Sai ka duba agogo. Bayan awa 24 da saƙon kwastoma na ƙarshe, saƙon da Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, ta riga ta amince da shi kaɗai bot ɗin zai iya tura masa.

Idan har yanzu shiru, ɗauki hoton allo, amma ka rufe lambar kwastoma, don amana ce. Rubuta wa masu dandalin da ka haɗa bot ɗin a kansa abin da ka tura, amsar da ka zata, abin da ya fito, da ƙarfe nawa.

In sun ce sun gyara, gwada da wayarka kafin Hajiya ta buɗe shago.